Habbanayen Alhaji Na'Allah

Ran da Dikko ya je rugarsu ta bayan Gangara gaida Gogo, tun bai sauka daga babur ba hancinsa ya kamo wani ƙamshi da ya daɗe da barin gidan, ƙamshin ɗanyen kashin shanu. Ya zagaya bayan bukka, sai ga jar saniya ɗaure a turke, cikinta ya yi ƙasa, haihuwa yau ko gobe. Gogo na tsugune gabanta tana cire mata kaska, tana yi mata hira da Fillanci cikin wata murya mai taushi da ba ta taɓa yi wa ɗan adam magana da ita ba.

Dikko shi ne golan Guguwar Gazawa, kulob ɗin rukuni na biyu da ke biyan 'yan wasansa albashi duk watan da shugaba ya tuna da su. Dogo ne siriri, tafin hannunsa kamar faifai. Ba shi da gida a gari, babur ɗin ma na aro ne, amma yana da abu guda da 'yan ƙwallon yankin ba su cika ajiyewa ba, wato suna. A gasar da kowa ya san farashin kowa, har mai tallan gyaɗa na iya gaya maka wanda zai ci tun ba a hura usur ba, ba a taɓa jin an yi cinikin Dikko ba. Mutanen Gazawa Katanga suke kiransa. Yana ji da wannan suna ƙwarai, ya fi jin daɗinsa a kan albashin, wanda dama ba kullum ake ganinsa ba.

Gogo kuwa ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta rene shi tun yana rarrafe. Da can suna da garke na a zo a gani. Fari ya ci rabi, ciwon huhu ya shiga abin da ya rage, yunwa ta kai sauran kasuwa. Shekarun nan madarar gari Gogo ke saya a kanti, ta kwaɓa, ta kwana, ta kai kasuwa ta ce nono ne. Kowa ya sani, ba mai faɗa mata, amma abin na cin ranta fiye da talaucin kansa.

"Gogo, wannan hwa? Ta wa ce?" in ji Dikko.

"Tamu ce, kuma ba tamu ba ce," ta ce, bakinta ya ƙi rufuwa. "Habbanaye ce."

Habbanaye tsohuwar al'adar Fulani ce. In garken mutum ya ƙare, wani mai hali sai ya ba shi aron saniya. Ya kiwata, ya sha nono, in ta haihu 'ya'yan nasa ne, daga baya ya mayar da uwar. Ba jingina, ba riba. Da kunya ake biya. Wanda ya ba ka habbanaye ya zama ɗan uwanka, ba ka ɗaga masa murya, ba ka kunyata shi gaban mutane har ƙasa ta rufe idonka.

"Wa ya bada ita?"

"Wani Kaɗo, Bahaushe mai tsoron Allah. Alhaji Na'Allah sunanshi, na Tibiri. Usmanu dillalin shanu ya kawo ta cikin mota."

Dikko ya nemi turmi ya zauna. Alhaji Na'Allah ɗan tsohon gida ne a Tibiri, mai gonaki da rumbunan hatsi, kuma shi ke da kulob ɗin Tsawar Gidan Rumji. Guguwa da Tsawa kuwa su ke da wasan ƙarshe a filin Agye, wasan da zai raba wanda zai hau rukuni na ɗaya. Guguwa ko kunnen doki aka yi ta haye, Tsawa dole sai ta ci. Dikko bai sha wahalar gane lissafin ba. An sha aiko masa da ambulan na cin hanci yana mayarwa, shi ne wani mai wayo ya ba Alhaji shawara cewa Bafillace ba a saye shi da kuɗi, da kunya ake ɗaure shi. Dabarar ba laifi. Matsalar kawai Alhaji manomi ne ɗan manomi, a bakin dillali ya san habbanaye.

"Wai har Usmanu ke ce mini kada in gaya ma kowa," in ji Gogo, tana dariya har da riƙe ciki. "Ka ji haukan Haɓe! Nagge ta sata ake kawowa a ɓoye. Na kira Arɗo da dattawa sun shaida, an yi addu'a, don ko na mutu a san mai ita. Ranar kasuwar Gangara kuma duk wadda ta tambaye ni mi ya sa nake fara'a, na gaya mata."

"Wadda ba ta tambaya ba hwa?"

"Ita ma na gaya mata."

Dikko ya dafe kai. Ya ce, "Gogo, don Allah mu maida ta. Aikina zai ɓaci."

Dariyar ta ɗauke nan take. Gogo ba ta taɓa gane aikin nan nasa ba. A wurinta, ƙato ne ke tsayawa gadin ragar da ba kifi ciki, ana kuma tafa masa. Amma habbanaye ta san ta ciki da waje. Ta ce maida saniya kafin ta haihu zagi ne, kamar ka ce wa mai ita maƙiyinka ne, ko ka shaida wa duniya ba ka iya kiwo ba. Tun kakan kakansu ba a taɓa yi ba, ba kuma a kanta za a fara ba. Ta juya ta ci gaba da shafa wuyan saniyar. Dikko ya dube ta, ya ga tsohuwar da ta yi shekaru tana sunkuyar da kai a kasuwa yau ta miƙe, sai tausayi ya rufe masa baki. Bai iya gaya mata abin da ake so a saya da saniyar ba.

Kafin ya koma Gazawa labari ya riga shi isa. Ya bi ta gaban fadar masu shayi ta bakin tasha, sai wani ya yi kukan saniya, sauran suka amsa masa baki ɗaya. Kowace fada a garin ta zama kotu. Mutanen da lokacin zaɓe suka karɓi sabulu da atamfa daga kowace jam'iyya, suka kuma rantse wa kowace, su ne yanzu suka riƙe haɓa suna salati, wai amana ta ƙare a duniya. Wani ya ce ba saniya guda ba ce, garke ne. Wani ya ce da idonsa ya ga babbar mota ta nufi Gangara tana nishi. Mai tsire ya ce shi tun bara ya lura tsayuwar Dikko ta canja, kawaici kawai ya yi. Kafin mako ya zagayo, Katanga ya ɓace, Dikko Nagge, wato Dikko Saniya da Fillanci, ya maye gurbinsa. Abin ya yi masa ciwo, ciwon da bai ji irinsa ba ko ran da ƙwallo ta karya masa yatsa.

Ya tafi buro, wato ofishin shugaban kulob, Alhaji Abdulrahaman, mai gidan mai da shagon siminti. Ya durƙusa ya zayyana masa komai, yana jiran ashar ko ma mari. Ga mamakinsa sai Alhaji ya yi murmushi, har ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi, abin da ba a taɓa yi wa wani ɗan wasa ba tun kafuwar Guguwa.

"To sai mi?" in ji shugaba. "Saniya na buga balo ne?"

"Ranka ya daɗe, a cire ni a sa wani. Ko mi ya faru a Agye, ni za a ce."

"In na cire ka ai na tabbatar musu da zancen. Kai za ka tsaya. Kai ɗin dai, ba wani ba."

Da Dikko ya kai bakin ƙofa, sai ya ji Alhaji ya yi ajiyar zuciya yana magana shi kaɗai. "Rukuni na ɗaya! Yau Yamai, gobe Agadas, jibi Difa. Cikin masu ihun nan na bakin fili, akwai wanda zai zuba ma mota mai?" Dikko ya ɗauka damuwar uba ce da ke tunanin hidimar 'ya'yansa, har ya tausaya masa. Shi gola ne, ƙafar mai bugu aka koya masa kallo, ba a koya masa kallon bakin shugaba ba.

Hanya guda ya gani ta wanke kansa. Ranar wasan Agye kada ƙwallo ko guda ta wuce shi. In an ci shi, ko da bugun da ba mahaluƙin da zai iya tarewa ne, ya zama Dikko Nagge har abada. Ana cikin haka saniyar ta haihu, mace, ja kamar uwarta. Gogo ta aiko masa da albishir, ta kuma tambayi ɗan aiken inda za ta ga Alhaji Na'Allah ido da ido. Ɗan aiken, Allah ya yafe masa, ya ce ai ranar wasa yana Agye.

Ranar wasa an yi ruwa da safe, filin ya yi laushi, gari ya yi sanyi. Motocin Gazawa da na Gidan Rumji suka yi ta sauke mutane har kan katanga da rassan itatuwan bedi suka cika. An kafa wa manya rumfa a gefe. A cikinta Alhaji Na'Allah ya hakimce cikin babbar riga mai aiki har ƙasa, kusa da shi Alhaji Abdulrahaman, suna raba goro guda kamar ba kulob ɗinsu ne za su kara ba. Aminullahi mai sharhi na riƙe da abin magana, muryarsa na fita ta lasifika, tana kuma tafiya kai tsaye a rediyo har ƙauyukan kan iyaka.

'Yan wasa sun jeru, alƙalin wasa na shirin jefa kwabo, sai Dikko ya hango wata tsohuwa da ƙwarya a ka ta ratso tsakiyar fili, tana tafiya a natse kamar a gonarta. Jandarma suka bi ta da kallo, don ba wanda aka taɓa ba umarnin abin da zai yi da tsohuwa mai ƙwarya. Ta bi ta tsakanin alƙali da kyaftin biyu, ta gaishe su, ta wuce. Dikko ya so ƙasa ta tsage ya shige.

A bakin rumfa ta tsaya ta ce, "Wane ne Alhaji Na'Allah?" Aminullahi, wanda hancinsa ke jin ƙamshin labari tun daga nesa, ya miƙa mata abin magana daidai baki. Gogo ta sauke ƙwarya ta durƙusa.

"Alhaji, mi yetti, na gode, Allah shi saka da alheri. Naggen da ka ba mu ta haihu, mace. Ga kindirmo, ga man shanu, ka ɗanɗana arzikinka. Ni ce gogon Dikko, wancan dogon mai gadin raga."

Filin ya ɓarke da ihu. Alhaji Na'Allah ya dubi ƙwaryar kamar garwashi aka miƙo masa. Amma ɗan kasuwa ne, bai saba faɗuwa a bainar jama'a ba. Ya gyara hula, ya jawo abin maganar.

"Uwa, ai don Allah munka yi. Taimakon talakawa na, kullum muna yin shi. Wallahi ni ban ma san ɗanki shina buga balo ba."

Gogo ta sa masa albarka har sai da jandarma suka lallaɓa ta gefe, aka ba ta kujera. Aka hura usur.

Magoya bayan Tsawa suka dinga kiran Dikko ɗan gida, suna ɗaga masa hannu. Magoya bayan Guguwa, mutanensa, suka tsaya bayan ragarsa suna kukan shanu suna tsine masa. Bai kula su ba, don abin da ke faruwa gabansa ya fi ba shi tsoro. Faruku, kyaftin ɗin Guguwa kuma babban mai tsaron baya, mutumin da ko tururuwa ba ta wuce shi sai da rauni, yau santsi ke kwasarsa duk sanda ɗan Tsawa ya tunkaro. Sau ɗaya ma ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi, mai ƙwallo ya wuce ta gefensa har ya kusa ce masa sannu. 'Yan gaban Guguwa kuwa in sun kai bakin raga sai su aika ƙwallo sama kamar suna harbin shirwa. Alƙali kuma kunnensa guda da idonsa guda sun mutu, na ɓangaren Tsawa ne kawai ke aiki.

A nan Dikko ya gane. Alhaji Na'Allah ba mutum ne da ke ɗaure jaki da igiya guda ba. Ya sayi shugaba, ya sayi Faruku da 'yan uwansa, ya sayi alƙali, saniyar ƙari ce kawai don hankali ya kwanta. Ya kuma gane lemon nan mai sanyi. Tunda duk duniya ta ji labarin saniya, ko ƙwallo nawa aka zuba a ragar Guguwa a kansa za a ɗora, sauran su koma gida da fararen riguna. Wani baƙin ciki ya taso masa tun daga ciki, ya koma fushi, fushin ya sauka a hannuwansa.

Ranar nan mutanen Agye sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Aka buga ta ƙasa ya kwanta ya kama. Aka buga ta sama ya tashi ya doke. Aka zo masa mutum biyu ba mai tsaro, ya faɗa ƙafafunsu ya fito da ƙwallo a ƙirji da laka a baki. Kukan shanun da ke bayansa ya fara raguwa, har ya koma shiru, shirun ya koma tafi. Bayan hutun rabin lokaci, da aka samu kwana, Faruku ya matso kusa da shi yana haki.

"Kai Dikko, ka ji tsoron Allah! Ka ci taka saniyar ka ƙoshi, mu kake so mu yi amai?"

Dikko ya kafa ido kan ƙwallo. Aka bugo kwanar, Faruku ya tashi sama da kyau, santsin duk ya warke, ya sa kai ya juya ƙwallo can ƙuryar ragarsu. Dikko ya miƙe har ƙashin bayansa ya yi ƙara, ya taɓa ta da ɗan yatsa ta fita. Aminullahi ya yi ta ihu a lasifika cewa wannan ita ce tarewa mafi kyau a wasan, bai dai faɗi wanda ya buga ba.

Da lokaci ya ƙure, ɗan gaban Tsawa ya shigo da gudu ya faɗi yana birgima, alhali mutumin da ya fi kusa da shi ma sai ya yi kira kafin ya ji shi. Alƙali ya nuna fenariti. Aka buga, Dikko ya kama. Alƙali ya ce ya motsa kafin bugu, a sake. Aka sake, ya doke ta da gwiwa. Alƙali ya ce wannan karon wani ya shigo da'ira, a sake. Mai bugun ya dubi Dikko, ya dubi rumfa, ya ɗaga ƙwallo ta bi ta saman raga ta faɗa gonar gyaɗar wani bawan Allah. Alƙali ya dubi rumfa shi ma, kamar mai neman a gaya masa wata doka da bai sani ba.

Sai ya koma ga ƙarin lokaci. Ya ƙara, ya ƙara, agogonsa ya zama na ado. Rana ta yi ja ta faɗa, ladan ya kira magariba, dattawan bakin fili suka fara tambaya ko yau arbit, wato alƙalin wasa, ya ɗauke wa mutane salla ne. Da ƙwallon kanta ta fara gagarar gani, ya hura usur kamar mai sanar da rasuwa. Ba ci, kunnen doki, Guguwa ta haye rukuni na ɗaya.

Mutanen da suka wuni suna tsine masa su suka ɗauke shi a kafaɗa suna kiran Katanga, mai tsire na kan gaba yana rantsuwa cewa shi bai taɓa shakka ba. Dikko ya yi kuka a saman kafaɗunsu, kukan daɗi, don ya ga sunansa ya dawo hannunsa. Alhaji Abdulrahaman ya rungume shi, jikinsa sanyi ƙalau. A can gefe magoya bayan Tsawa sun kewaye motar Alhaji Na'Allah suna jifanta da ledar ruwa, suna yi masa waƙar ya rasa saniya ya rasa wasa. Rediyo bai kashe ba, duk yankin ya ji.

Murnar ba ta kai kasuwa ta zagayo ba. Alhaji Abdulrahaman da kansa ya kai ƙara gaban kwamitin ladabtarwa na gasar. Ya ce shi mutum ne mai tsoron haɗuwarsa da Allah, ba zai iya hawa rukuni na ɗaya a kan nasarar da ke warin hanci ba, ko da kulob ɗinsa ne zai yi asara. Aka yi ta yabonsa a rediyo, wani malami har ya kawo shi misali a wa'azi.

Aka kira Dikko Maraɗi. Mutanen kwamitin na zaune bayan dogon tebur, kowa da robar ruwa gabansa da fuskar wanda bai taɓa ganin ambulan ba. Alhaji Na'Allah ya ba da shaida cewa shi sadaka ya yi, kuma duk Agye ta ji ya faɗi haka. Aka juyo kan Dikko.

"Ranku ya daɗe, ai ban bari an ci ni ba," ya ce. "Fenariti ma sau nawa..."

"Ba a kan balo muke tambayarka ba," in ji shugaban kwamiti. "A kan saniya. Tana rugarku ko ba ta nan?"

"Tana nan, amma gogona aka ba, kuma habbanaye ce."

"Ta haihu?"

"Ta haihu."

"To ka ji, har da riba."

Bai ambaci Faruku ba, bai ambaci alƙali ba, don ba shi da shaida. Su abin da suka karɓa ba ya kuka, ba ya haihuwa, ba shi kuma da gogon da za ta kai godiya. Hukunci ya fito a tsare, gwanin sha'awa. Alhaji Na'Allah ya bayar don Allah, saboda haka ba shi da laifi. Dikko ya karɓa don cin hanci, saboda haka an haramta masa wasa har abada. Guguwa kuma, tunda ta sa ɗan wasan da ya ci hanci, an ƙwace wasan an ba Tsawa. Tsawar Gidan Rumji ta hau rukuni na ɗaya, gasar ta tsarkaka, aka rufe taro da addu'a.

A Gazawa fadoji suka rabu biyu. Wasu suka ce dama sun faɗa, Dikko ya sayar. Wasu suka ce abin nasa ya fi haka muni, ya karɓi kayan mutum ya ƙi yin aikin, alhali ko ɓarayi suna riƙe wa juna amana. Mai tsire ya kawo bayanin da ya fi karɓuwa, wai shanu biyu aka yi ciniki, aka kawo guda, shi ne Dikko ya yi fushi ya kama fenariti. Ba wanda ya ce bai sayar ba. Wannan labarin ba shi da daɗin shan shayi.

Ya mayar da babur ɗin aro, ya hau motar kasuwa zuwa Gangara, ya ƙarasa ruga a ƙasa. A hanya yana lallashin zuciyarsa. Gari ya ƙi shi, to, amma akwai Gogo, wadda ta san tun ranar farko ya ce a maida saniyar. In ya zauna ya warware mata komai, ko ita kaɗai ta ce ya yi daidai, ya ishe shi.

Bai san Arɗo ya riga shi zuwa, ya kai wa Gogo abin da ake faɗa a kansu ba. Usmanu dillali ya bi kasuwannin shanu tun daga Gazawa har Cadakori yana shelar cewa Fulanin Gangara in ka ba su habbanaye da jifa suke biya. Mata sun daina amsa gaisuwar Gogo da kyau a bakin rijiya. Ya same ta tana tatsa, 'yar maraƙar ɗaure a ƙafar uwar. Ya yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Ya tsuguna ya fara bayani, tun daga ambulan ɗin da ya sha mayarwa har zuwa teburin Maraɗi. Ta bar shi ya gama.

"An ce saboda kai aka jefi Alhaji," ta ce.

"Gogo, ba don Allah ya ba mu ita ba. Saye na ya so yi."

"Mi yake so ka yi mishi?"

"In bar balo ya shiga raga."

"Nawa?"

"Guda ma ya isa."

Hannunta ya tsaya a kan hantsar. "In ya shiga, wani na mutuwa?"

"A'a."

"Ragar na yagewa?"

"A'a, Gogo. Fiddo shi ake yi a ci gaba da wasa. Amma sunana..."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi, idonta cike da hawaye, irin kallon da ake yi wa wanda aka daɗe ana zaton an san shi.

"Mutum ya same mu ba ko akuya, ya ba mu nagge da ciki. Ya roƙe ka abin da ake fiddowa a ci gaba da wasa, ka hana shi, gaban jama'a, ina zaune a kujerar da ya sa aka ba ni." Ta share ido da bakin zane. "Ni na rene ka, Dikko. Ban san inda na yi kuskure ba."

Gogo ta ƙarasa tatsa, ta zuba madara a 'yar ƙwarya mai tsabta, ta rufe da faifai. Ta wuce shi, ta kai ta can bakin shinge ta ajiye, inda ake ajiye wa baƙo.